Takobi da Sarewa



Yau maganar wasa zan yi, kuma na san wasu za su yamutsa fuska da zarar sun ji sunansa. Dungeons & Dragons ake ce masa. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a shekarar 1974, yanzu kuwa kamfanin Wizards of the Coast ne ke buga littattafansa. Mutum huɗu ko biyar ne kan kewaye tebur da takarda da fensir. Ɗaya shi ne mai jan labari, shi ke faɗin garin da aka shiga, da wanda aka tarar a bakin ƙofa, da abin da ya fito daga kogo. Sauran kowa yana da jarumi guda da ya ƙirƙira, shi ke magana da bakinsa, shi ke yanke masa shawara. In jaruminka zai tsallake rafi ko zai lallashi mai gadi, sai ka jefa ɗan lido. Akwai mai fuska 6 irin wanda muka saba, akwai mai 4, mai 8, mai 10, mai 12, babbansu kuma mai fuska 20. Abin da ya fito a haɗa shi da makin jarumin, a ga ko ya isa. Tatsuniya ce da ake yi tare, da ɗan lissafi a ciki. Ba a zuba kuɗi, ba wanda ke cinye wani, saboda haka zancen caca bai taso ba. Mu da dokokin da kamfanin ya saki kyauta a intanet muka fara, 'ya'yan lidon ma na cikin waya ne, sai daga baya wani ya samo mana babban littafin 'yan wasa, bugun 2014.

Zancen da ya taso shi ne na sihiri, kuma ba zan tsallake shi ba. A Amurka kanta an yi ce-ce-ku-ce mai zafi a kai. Wata uwa mai suna Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa a 1982, ta ɗora laifin a kan wasan, ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi. A 1984 mai buga 'yan takardun bishara Jack Chick ya fitar da wata da ke nuna wasan a matsayin ƙofar maita. Matsin ya kai har a bugun 1989 masu wasan suka cire kalmomin aljanu da shaiɗanu daga littattafansu. Mu kuma a nan ba sai an yi mana bayanin boka da bori ba, a unguwa muke da su. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta haramta duba da tsafi ba tare da kwana-kwana ba, masu bi na Afisa kuma sun ƙona littattafan sihirinsu, na azurfa 50,000, a gaban jama'a. To ni ga inda na tsaya. Abin da wasan ke kira sihiri, a kan tebur lamba ce: ka faɗi sunan dabarar, ka jefa ɗan lido, a rage maki. Ba kirari, ba turare, ba kiran kowa. Dodon da ke ciki ɗan'uwan Dodon tatsuniyar kakanninmu ne, kuma masu bi irin su C. S. Lewis da J. R. R. Tolkien sun rubuta labarai cike da irin waɗannan halittu ba tare da sun saki Almasihu ba. Amma akwai wata 'yar'uwa a cikinmu da ta tashi a gidan da ake girka, ta zauna da mu sau ɗaya ta ce ranta bai kwanta ba. Ba wanda ya yi mata musu, ba mu kuma sake gayyatarta don mu gwada ta ba. Romawa sura 14 ta isa hujja. In lamirinka bai yarda ba, ka bar shi, ba abin da ka rasa. Abin da zan faɗa a ƙasa za ka iya amfana da shi ko ba ka taɓa riƙe ɗan lidon ba.

Kowane jarumi yana da sana'a. A littafin 2014 guda 12 ne: akwai mayaƙi, mawaƙi, firist, maharbi, mai sanɗa, jarumi mai rantsuwa, da sauransu. Jarumi yana farawa a mataki na 1, yana hawa yayin da yake tara makin gogewa. Maki 300 za su kai ka mataki na 2, sai 6,500 kafin ka taka na 5, na 20 kuwa sai 355,000. Daga 20 babu gaba. Yawancin mutane sana'a ɗaya suke riƙewa tun daga farko har ƙarshe. Amma littafin ya bar wata ƙofa: duk lokacin da ka hau mataki, kana iya sa shi a wata sana'a dabam. Ka zama mayaƙi mai mataki 5 kuma mawaƙi mai mataki 2, jimilla 7. Wannan doka ta zaɓi ce, sai mai jan labari ya amince.

Jarumina sunansa Tanko. Yaron kiwo ne a labarin, mai busa sarewa, da yaƙi ya ci ƙauyensu ya shiga soja. Ba zan ɓoye ba, Dawuda ne a raina sa'ad da nake zana shi. Ku duba 1 Sama'ila 16:18, inda wani baran Saul ke kwatanta ɗan Yesse: ya iya garaya, jarumi ne, ya san yaƙi, ya iya magana, kyakkyawa ne, Ubangiji kuma yana tare da shi. Duk wanda ya taɓa cika takardar jarumi zai yi murmushi a nan, don kusan haka ake jera ta, ban da abu na ƙarshe da babu gurbinsa a takarda.

Halaye shida ake ba wa maki: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima, da kwarjini. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba ka lambobi shida, 15, 14, 13, 12, 10, 8, ka raba su yadda kake so. Wanda mayaƙi zalla yake so, 15 zai sa a ƙarfi, 14 a juriya, ya jefar da 8 a kwarjini, tunda takobi ba ya tambayar farin jini. To amma doka ta ce ba za ka shiga sana'a ta biyu ba sai kana da aƙalla 13 a halin da tsohuwar sana'arka ke buƙata, da 13 a wanda sabuwar ke buƙata. Mawaƙi kwarjini yake nema. Saboda haka na sa 15 a ƙarfi, 14 a kwarjini, 13 a juriya, 12 a hikima, 10 a zafin nama, 8 a basira. Da yake Tanko ɗan Adam ne, kowanne ya ƙaru da ɗaya. Ma'ana tun ranar farko na fara biya. Wannan lamba mai kyau da na ajiye a kwarjini ta yi matakai biyar tana barci, sai dai a ɗan taɓa ta wajen ciniki a kasuwa ko magana da mai gari, alhali da a juriya na sa ta kullum tana aiki. Abokan tebur sun yi ta tsokanata, wai sojan nan da kwalliya ya zo fagen fama. Na bar su. Garayar Dawuda ma a daji ta ƙware, tumaki ne kaɗai masu sauraro, shekaru kafin fada ta san da ita.

Sai tambayar wace za a fara da ita, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce, don sana'ar farko tana ba ka abubuwan da ta biyu ba za ta taɓa ba ka ba. Wanda ya fara da mayaƙi yana iya sa sulke mai nauyi, makin ransa na farko 10 ne a ƙara na juriya, kuma ya ƙware wajen tsira daga abin da ke gwada ƙarfi da juriya. Wanda ya fara da mawaƙi, 8 zai samu, da kayan kiɗa uku, da fasahohi uku duk waɗanda ya ga dama. In daga baya ya koma mayaƙi za a ba shi garkuwa da makamai da sulke matsakaici, amma mai nauyin ya wuce shi. Haka wanda ya zo wa waƙa daga baya, kayan kiɗa ɗaya kawai za a ba shi da fasaha ɗaya. Mutum biyu za su iya zama mayaƙi 5 mawaƙi 2 dukansu, amma takardunsu ba ɗaya ba, saboda inda kowa ya faro. Na fara da takobi domin a gaba Tanko zai riƙa tsayawa.

Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne lokaci. A mataki na 5 ne mayaƙi ke samun sara na biyu, wato ya kai hari sau biyu a juyi ɗaya, kusan ƙarfinsa ya ninka ke nan. A mataki na 5 ne kuma mawaƙi ke samun dabarun hawa na uku. Ɗauki wanda ya ƙosa, ya yi uku a mayaƙi ya tsallaka ya yi biyu a mawaƙi. Jimillarsa 5 kamar kowa. Amma sara ɗaya yake yi, na kusa da shi yana biyu. Dabarunsa na hawa na ɗaya ne, mawaƙin gaske yana na uku. Ƙari ga haka, ƙarin maki biyu da ake bayarwa a mataki na 4 na kowace sana'a bai samu ba, don a ko'ina bai kai huɗu ba. Dodannin da mai jan labari zai turo kuwa ba ruwansu, na mataki na 5 ne. Irin wannan jarumi yana da jerin abubuwa da yawa a takarda, duk wanda ya leƙa zai ce kai, amma in an shiga tsaka mai wuya sai ka ga ana ɗauke da shi ne. Taura biyu ba ta taunuwa, balle in duka ɗanyu ne. Na daure har Tanko ya kai 5. A mataki na 4 ma na raba makin biyun, ɗaya a kwarjini ya zama 16, ɗaya a hikima, ƙarfinsa ya tsaya a 16 maimakon 18.

Ko da ya kai 5 ɗin ban yi niyyar juyawa nan take ba, don mataki na 6 na mayaƙi yana da wani ƙarin maki biyun da nake kwaɗayi. Abin da ya yanke maganar, ɗan'uwan da ke riƙe da firist a teburinmu ya tafi bautar ƙasa. Muka wayi gari mu uku ba mai warkarwa. Mawaƙi yana da wata dabara ta hawa na ɗaya, kalmar warkarwa, wadda ke kaiwa nisan ƙafa 60. Abin da take mayarwa kaɗan ne, ɗan lido mai fuska 4 a ƙara makin kwarjini, ga Tanko tsakanin 4 da 7 ke nan. Amma wanda ya faɗi sumamme ko maki ɗaya ya samu zai tashi. Kuma da baki kaɗai ake yin ta, ba ta cin juyinka, saboda haka Tanko yana iya riƙe takobi da garkuwa, ya yi saransa biyu, ya kuma ɗaga murya ya tashi ɗan'uwansa a juyi guda. Ranar da na fara yin haka Nehemiya sura 4 ce ta faɗo mini, masu ɗaukar kaya a garun Urushalima, hannu ɗaya a aiki ɗaya a makami. Su ma ba don sha'awa suka haɗa biyu ba, Sanballat da Tobiya ne a waje.

Kada dai a ruɗe. Yanzu Tanko yana mataki na 7, mayaƙi 5 mawaƙi 2, kuma sau uku kawai yake iya yin dabara kafin ya yi dogon hutu. Da firist ɗinmu yana nan, a mataki na 7 sau 11 zai yi, har da ta hawa na huɗu. Tanko toshe ɓaraka yake yi, bai gaji kujerar firist ba. Akwai wata baiwa da mawaƙi ke samu a mataki na 2, wadda ke ba shi rabin makin ƙwarewa a duk abin da bai koya ba. Sunanta yana da daɗi, kamar a ce ɗan taɓa-ko'ina. In ka yi lissafi ga Tanko, maki ɗaya ne tak.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lamba 20 ɗin nan. Mayaƙi zalla yana samun sara na uku a mataki na 11, na huɗu a mataki na 20. Ranar da na rubuta mawaƙi 1 a takarda, sara na huɗu ya tafi ke nan har abada, don ko duk sauran matakan na ba takobi, 19 zai tsaya. Ta ɗaya gefen ma haka. Dabarun mawaƙi na hawa na tara sai a mataki na 17, Tanko kuwa ya riga ya ba takobi biyar, iyakarsa 15. Ƙofofi biyu na can ƙoli duk sun rufe, kuma ni na rufe su da fensirina, ina sane. Gaskiya ne tebura da yawa labarinsu yana ƙarewa tun ba a hango 20 ba, amma wannan ma bai sauƙaƙa lissafin ba, ƙara matse shi ya yi: matakan da za ka samu a zahiri ba su ma kai ashirin ba.

Dawuda ya san wannan. Abin da ya fi so a ƙarshen ransa shi ne ya gina wa Ubangiji Haikali. A 1 Tarihi 22:8, da kuma 28:3, shi da bakinsa ya faɗi dalilin da ya sa aka hana shi: ya yi yaƙe-yaƙe, ya zubar da jini da yawa. Yaƙe-yaƙen nan da yawansu domin Isra'ila ya yi su, su ne ma suka kawo zaman lafiyar da Sulemanu ya yi gini a cikinta. Duk da haka hannun da ya riƙe takobi bai aza harsashin ba. Mun saba karanta tarihin Dawuda kamar mutumin da aka ba komai, makiyayi, mawaƙi, mayaƙi, sarki. Akwai abin da ba a ba shi ba, kuma ɗaya daga cikin sana'o'insa ce ta hana shi. Abin da ya yi bayan haka shi ne ya burge ni. Bai yi fushi ya naɗe hannu ba. Ya tara zinariya da azurfa da tagulla da baƙin ƙarfe da katako, ya sa aka sassaƙa duwatsu, ya ba ɗansa tsarin ginin. Sa'an nan ya koma ga sana'arsa ta fari: Lawiyawa 4,000 ya keɓe domin yabo da kayan kiɗa, ƙwararrun mawaƙa 288 kuma aka raba su kashi 24. Gidan da bai gina ba, shi ya shirya masa waƙa.

A tsohon bugun wasan, na 1978, dokar ta fi haka tsanani ga jarumi ɗan Adam. Ba ya tafiya da sana'a biyu a lokaci guda. In zai sauya, sai yana da 15 a halin tsohuwar, 17 a na sabuwar, ya koma mataki na 1, kuma in ya yi amfani da tsohuwar sana'ar kafin sabuwar ta wuce ta, ya yi asarar makin wannan tafiyar. Wani lokaci kiran Allah kan zo da wannan kama. Elisha da shanu goma sha biyu bibbiyu yake huɗa sa'ad da Iliya ya yafa masa alkyabba. Ya yanka shanun da yake aiki da su, ya dafa naman da itacen karkiyar, ya ciyar da mutane, ya bi Iliya a matsayin mai yi masa hidima. Daga mai gona babba zuwa mai zuba wa annabi ruwa a hannu. Ba kowa ake kira haka ba, amma akwai waɗanda ake kira, kuma bai kamata mu riƙa ce musu ai da sun riƙe duka biyun ba.

Akwai haɗi guda da na ƙi, na kuma roƙi mai jan labarinmu kada ya buɗe shi a teburinmu, ya yarda. Masu son lissafi sun san shi sarai. Jarumi mai rantsuwa, wanda duk ƙarfinsa daga alkawari mai tsarki yake fitowa, yana buƙatar ƙarfi da kwarjini duka biyu. To wani littafin ƙari da ya fito a 2017 ya kawo wani reshe na sana'ar masu ƙulla yarjejeniya da ikokin ɓoye, wanda tun a matakinsa na 1 yake ba ka damar kai sara da makin kwarjini maimakon na ƙarfi. Sai mutane suka gane: ka tsoma ƙafa mataki ɗaya kawai, ka kwashi wannan, ka koma ga rantsuwarka. A lissafi babu kamarsa. A labari kuwa me ya faru? Mutumin da ya durƙusa ya yi wa'adi a gaban bagade ya bi dare ya sa hannu a takardar wani iko na duhu, don takobinsa ya ƙara kaifi, da safe ya dawo sahun gaba. Mataki ɗaya ne kawai, in ji su. Wannan magana na san ta, ba a tebur na fara jin ta ba. Ita ce ta wanda ke waƙa ranar Lahadi, ranar Talata kuma yana gidan boka saboda jarrabawa, ko neman aure, ko shagon da ya ƙi ciniki. Shi ma bai bar ikilisiya ba, ɗan taimako kawai ya je nema. Iliya a Dutsen Karmel da masu irin wannan ra'ayi ya yi, mutanen da ba su ce sun bar Ubangiji ba, Ba'al kawai suka ƙara. Yesu kuma a Matiyu 6:24 ya rufe zancen iyayengiji biyu. Takobi da sarewar Tanko sarki ɗaya suke yi wa aiki, shi ya sa suke zama a jaka ɗaya. Kafin ka tambayi nawa sana'a ta biyu za ta ci maka, ka fara tambaya wa za ka durƙusa wa kafin a ba ka ita.

Yanzu bari in zo gida. A zumuntarmu, kamar yadda na ga ake yi a ikilisiyoyi da dama, mutum biyar ko shida ne ke ɗauke da kusan komai. Mai kiɗan jita shi ne mai gyara na'urar sauti, shi ne malamin makarantar Lahadi, shi ne ma'aji, in za a je bishara ƙauye shi ne mai neman mota. Muna yaba masa, muna cewa Allah ya ba shi baiwa da yawa. Wataƙila haka ne. Amma ku lura da shi bayan shekara uku. Kiɗansa yana nan inda yake, darasin yara da safiyar Lahadi yake duba shi a kan babur, littafin kuɗi ya kwana biyu ba a cika ba, rabonsa da ya zauna shi kaɗai da Littafi Mai Tsarki ba don zai koyar ba, shi ma ba zai iya tunawa ba. Mataki biyu a nan, ɗaya a can, uku a can, ko'ina bai kai biyar ba. Rannan sai a ji ya daina zuwa, a ce ya ja da baya. Su kuma sauran matasa talatin da ke zaune a benci ba wanda ya taɓa ba su fensir.

Watanni biyu da suka wuce shugabanmu ya same ni da maganar in karɓi aikin sakatare. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina koyar da ajin yara, ga aikin da nake ci da shi. Na ce, Baba, a ba ni mako guda in yi addu'a. Na yi addu'ar, na kuma yi abin da Ubangiji ya ce mai shirin gina hasumiya ya yi a Luka sura 14, na zauna na yi lissafi. Taron shugabanni yana faɗawa a yammacin da nake shirya darasi. Rubuta rahoto da bin mutane da saƙonni zai ci daren da muke koyon waƙa. Ajin yaran nan kuwa yanzu ne na fara gane shi, yanzu ne na san wane yaro ke shiru don kunya, wane ke shiru don yunwa. In na juya yanzu, daidai na ke da wanda ya bar mayaƙi a mataki na 4. Na koma na ce masa ba zan iya ba, na kuma kawo sunayen mutum biyu da za su iya, waɗanda ba su riƙe da komai. Bai ji daɗi ba a ranar, na ga haka a fuskarsa. Ɗaya daga cikinsu ce ke riƙe da littafin yanzu.

Manzanni ma sun taɓa ƙin ƙarin aiki. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni a kan rabon abincin gwauraye, ba su ce aikin ƙarami ne ba, ba su kuma ɗora shi a kan nasu ba. Suka ce a zaɓi mutum bakwai, su kuwa su tsaya ga addu'a da hidimar Maganar. Abin sha'awa, cikin bakwai ɗin nan ne Istifanas ya fito, wanda ya yi wa majalisa wa'azin da ya fi kowane tsawo a littafin, da Filibus, wanda ya kai bishara Samariya har daga baya ake ce masa mai bishara. Da manzannin sun haɗa komai a hannunsu, da waɗannan biyu suna benci.

Na san wani zai ce, ɗan'uwa, kana magana kamar zaɓi ne. A ƙasar nan wa ke rayuwa da sana'a ɗaya? Ɗalibi yana ɗinki, malama tana sayar da zobo, fasto yana noma. Gaskiya ne, kuma ba na ɗora wa kowa laifi a kan abin da tsadar rayuwa ta tilasta. Bulus ma a Koranti ɗinkin alfarwa ya yi tare da Akila da matarsa Bilkisu, ranar Asabar yana majami'a yana muhawara. Bai ji kunyar allura ba, ya ma yi fahariya da cewa bai nawaita wa kowa ba. Amma ku karanta Ayyukan Manzanni 18:5. Da Sila da Timoti suka iso daga Makidoniya, sai ya duƙufa ga wa'azi ɗungum, a 2 Korantiyawa 11:9 kuma ya ce 'yan'uwan da suka zo daga Makidoniya ne suka biya masa bukatarsa. Wato ya san wace ce ta fari, wace ce ta toshe ɓaraka, da ɓarakar ta toshe kuma bai tsaya yana riƙe da allurar don sabo ba. Shekara ɗaya da wata shida ya yi a birnin.

Tanko yana dab da maki 34,000, mataki na 8 ke nan, kuma tebur ya rabu biyu a kan abin da zan yi. In na ba waƙa, zai zama mawaƙi 3, ya samu dabarun hawa na biyu, ya kuma zaɓi makarantar da zai bi. Ta jarumta ba za ta yi masa amfani sosai ba, don babbar kyautarta a mataki na 6 sara na biyu ce, doka kuwa ta ce wanda yake da shi ba a ƙara masa, ba ya zama uku. Ta ilimi ce za ta dace. In kuma na ba takobi, zai zama mayaƙi 6, ƙarfinsa ya kai 18 ɗin da ya daɗe yana jira. Na kira ɗan'uwanmu mai firist a waya na tambaye shi shirinsa. Ya ce ya kusa gama bautar ƙasa, amma ya sa takardar neman aiki a Abuja. In ya dawo gida, mataki na 8 na takobi ne. In aikin ya samu, Tanko zai ci gaba da busa.